Ƙaho Takwas a Bayan Mahmuda

Sunana Babandi. Wanzami ne ni, ɗan wanzami, jikan wanzami. Duk wanda ya san gindin mangwaron da ke bakin tsohuwar kasuwar garin Lafiya ya san tabarmata. Aski ina yi har gobe, in dai hannu bai yi rawa ba. Amma kada wanda ya zo ya tsuguna a gabana ya ce in yi masa ƙaho, don wallahi sai mu ɓata. Na ajiye ƙaho tun ana saura shekara biyu Turawa su miƙa mulki, kuma ba tsufa ne ya sa ni ba. Mahmuda ne.

Mahmuda Bagwandare ne, mutumin Adogi, manomin dawa da doya. Ya dawo bakin gari da zama tun gemunmu yana baƙi, ni kuwa na zama wanzamin gidansa. Ku yaran yanzu ba ku san wanzamin gida ba. Ba a ciniki da shi, ba a miƙa masa kwabo. Shi ke askin maigida, shi ke askin suna, shi ake kira in jiki ya ƙi daɗi. In kaka ta yi, sai maigida ya zaɓi dami guda na dawa ya aika masa. Mahmuda bai taɓa aikowa ba. Da kansa yake ɗaukowa, ya dire mini a ƙofar zaure yana haki, ya ce, "Ga naka nan, malalaci, mai cin gumin mutane da 'yar wuƙa." Ni kuma in ce, "Allah ya shirye ka, Bagwandare, ka zaɓo mini wanda tsuntsaye suka gama da shi." Ƙarya nake yi. Kullum mafi kyau yake kawo mini.

Shekara wajen talatin muna haka. 'Ya'yansa maza biyu ƙyanda ta kwashe su tun suna ƙanana, macen da ta rayu tana aure a Obi. Gidan ya rage daga shi sai matarsa Sailuba. Ni ma 'yan'uwana duk sun riga ni. In na ce muku ba ni da kowa a duniya kamarsa, ku yarda.

Ƙato ne, mai kaurin wuya, ga son gishiri kamar tunkiya. Miyar da ba ta ji gishiri da busasshen kifi ba, ko kallonta ba ya yi. Duk bazara, in zafi ya tsananta kafin ruwan farko, sai ƙeya ta riƙe masa, idanu su kaɗa su yi ja, jijiyar gefen goshi ta riƙa harbawa, jiri yana ɗibarsa ko yana zaune ko yana kwance. Mu a wajenmu wannan ba abin tambaya ba ne. Jini ya yi yawa, ya taru a wuya, sai an rage. In kafa masa ƙaho huɗu, biyu a ƙeya biyu a kafaɗa, in zuƙa, in tsaga, in sake zuƙa, mataccen jini ya fito. Ya miƙe ya murza wuya ya ce kansa ya yi sakayau. Haka ubana ya yi wa mutane, haka na tarar, kuma ban taɓa ganin wanda ya dawo ya ce na cuce shi ba.

A waccan shekarar, ana cikin haƙar doya, haɓo ya ɓalle masa a gona. Jini ta hanci kamar an yanka kaza, an toshe da ganye ya ƙi tsayawa. Maƙwabcin gonarsa, wani mutumin Tibi, maimakon ya kawo mini shi, sai ya wuce da shi ɗakin shan magani na mishan. A can akwai malamin asibiti wai shi Sebastian. Shi ma Tibi ne, bai fi shekara talatin ba, da farar riga da gajeren wando da keke. Ya naɗa wa Mahmuda wani ƙyalle a dantse, ya yi ta matsa 'yar roba, ya sa wani abu a kunne yana saurare. Daga nan ya ce jininsa ya hau, yana tura jijiyoyi da ƙarfin da ya wuce kima. Abin da yanzu ko yaro ya san sunansa, hawan jini, mu a lokacin ne muka fara jinsa. Ya ba shi 'yan fararen ƙwayoyi a kwalba, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ya ce a rage gishiri, ya dawo bayan wata biyu.

Da Mahmuda ya ba ni labari, tsaki na yi. Na ce, "Jini ya yi yawa. To, ni me nake gaya maka shekara talatin? Sai da mai gajeren wando ya faɗa ka yarda?"

Ya yi dariya ya ce, "Kishi kake yi, wanzam."

Kishin nake yi. Don ƙwayar ta yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. Ciwon ƙeya ya tafi, idanu suka washe. Wata biyu cur Mahmuda ba ya zuwa wajena sai don aski. In ya zauna ina goga masa aska, sai in riƙa kallon tsofaffin tabon ƙahona a wuyansa, raina yana sosuwa.

Sai bazara ta shigo. Ku da kuka san zafin garin nan kafin ruwa ya sauka ba sai na gaya muku ba, ko kare ba ya yarda ya taka ƙasa da azahar. Wata Asabar Mahmuda ya zo aski. Da na gama ya yunƙura zai tashi, sai na ga ya dafa gindin mangwaro ya runtse ido, ya daɗe a haka.

Na ce, "A'a, lafiya?"

Ya koma ya zauna. Ya ce, "Jirin nan ne ya dawo. Amma Babandi, wannan daban ne da na da. Na da, ko ina kwance yana nan, kai kamar zai tsage. Wannan kuwa kaina ba ya ciwo ko kaɗan. In ina zaune lafiya lau nake. Da na miƙe sai duhu ya rufe mini ido, ƙafafu su yi sanyi. In na kwanta sai ya wuce."

Kun ji? Da bakinsa ya gaya mini. Bai rage komai ba. Amma ni abin da na ji kawai shi ne ƙwayar yaron nan ta gaza. Har wani daɗi na ji a raina, Allah ya yafe mini. Na ce, "Jiri ai jiri ne, Bagwandare. Jinin ne ya sake taruwa. Ka bari ruwa ya kusa, in zo in sauke maka shi."

Ranar Litinin sai ga Sebastian ya jingine kekensa a mangwarona. Shi ma ni nake yi masa aski, don duk bokon mutum dai gashi ba ya daina fita. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu, amma yana da ladabi. Na jiƙa masa kai na fara. Can ya ce, "Baba wanzam, abokinka bai dawo ba. Lokacinshi ya wuce da sati biyu."

Na ce, "Ya dawo ya yi me? Jirin da ka ce ka kashe ya dawo, har ya fi na da."

"Yaushe yake kama shi?"

Don in ƙona masa rai, sai na maimaita masa maganar Mahmuda tiryan-tiryan: in yana zaune lafiya, in ya miƙe duhu, in ya kwanta ya wuce. Yaron nan ya zabura ya juyo, saura kaɗan in yanke masa kunne. Rabin kai a aske, rabi da kumfa.

Ya ce, "Baba, ka ji ni da kyau. Jiri ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda yake zuwa in jini ya hau sosai, shi ne na da ɗin, mai ciwon kai. Akwai na ciwon cikin kunne, akwai na yunwa. Amma wannan da ka faɗa, jini ne ya sauka. Maganin da na ba shi yana da ƙarfi. Lokacin sanyi ya yi mashi daidai. Yanzu zafi ya zo, yana aiki, gumi yana fita, ba ya shan ruwa sosai, ga shi mun hana shi gishiri. In ya tashi tsaye, jini ba ya kai mashi kai da wuri. Shi ne duhun."

Na ce, "Oho. Jiya ka ce ya hau, yau ka ce ya sauka. Jinin mutum ne ko guga a rijiya?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Gobe da asuba zan tafi Obi yin lambar rigakafi, sai Lahadi zan dawo. Yau kuma mutane suna jirana cike da baranda. Don Allah, Baba, kai kana ganinshi kullum. Ka ce ya koma rabin ƙwaya, sau ɗaya a rana, ya sha ruwa da yawa, in zai tashi ya tashi a hankali. Lahadi zan je gidan da kaina. Kuma Baba," ya kama hannuna, hannun da ke riƙe da aska, "kada ka yi mashi ƙaho. Mutum da jininshi ya sauka, in ka cire wani, ƙasa zai je."

Kai! Ranar na ji abin da ban taɓa ji ba. Ni, a kan tabarmar ubana, yaron da aka haifa jiya ya kama mini hannu ya ce kada in yi ƙaho? Na zame hannuna na ce, "Juya in ƙarasa maka, Likita, kumfa na bushewa." Na gama, ya sake roƙona, na ce na ji. Ya hau kekensa ya tafi yana waiwaye.

Talata na ga Mahmuda a masallaci. Laraba muka zauna muka ci goro tare. Alhamis ma na gan shi. Saƙon yana bakina, ban faɗa ba. Ba mantawa na yi ba, kada in yi wa kaina ƙarya da tsufana. Na ga in na faɗa, na zama ɗan aiken mai gajeren wando ke nan.

Ranar Juma'a da la'asar ruwan farko ya sauka, mai yawa, har rafin Amba ya kawo. Gari ya ɗauki ƙanshin ƙasa, kowa yana ta gyaran fartanya.

Asabar da hantsi sai ga Sailuba a ƙofar gidana, ta tsuguna daga gefe. Mace ce mai kunya, shekara talatin ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai wanzam. Ta ce, "Wanzam, ka taimaka ka zo ka duba Malam. Yau da ya sallame sallah zai tashi, sai da ya faɗa jikin bango. Ga shuka ta zo. Ni na rasa yadda zan yi. Da na ga jirin ya ƙi, har ƙara masa ƙwayar na yi, kwana biyar ke nan bibbiyu nake ba shi safe da yamma, amma abin sai gaba yake yi."

Da mai hankali ta gaya wa, da a nan jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa cewa na yi, "Kin gani ko? An ninka ma ba ta yi ba. Je ki, ga ni nan." Na ɗauki zabirar kayan aikina. Ƙahonin da nake ɗauka kullum huɗu ne. Ranar na buɗe tukunyar da nake ajiye na ubana, na ƙara huɗu. Na ce yau zan yi wa abokina aikin da zai kai shi har kaka bai sake jin jiri ba.

Na tarar ya dawo daga gona ke nan. Tun asuba yake can yana sassabe, ko koko bai sha ba, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ga zabira ya yi murmushi ya ce, "Malalaci ya zo cin gumi." Ya tuɓe riga ya zauna a kan turmi a inuwar tsakar gida, ya ba ni baya.

Da na dafa shi na ji fatar da sanyi, a wannan zafin. Na ji, hannuna ya gaya mini. Wuyan da na saba gani a kumbure yana sheƙi, ranar ya saki. Na kafa biyu a ƙeya, biyu a kafaɗa, huɗu a gadon baya. Na zuƙa, na tsaga, na mayar. Jinin ya ƙi zuwa. Da can ina tsagawa yake tsartuwa, ranar kuwa sai tsattsafowa yake yi a hankali. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na ce ya yi kauri ne, ya daskare. Na ƙara zurfin tsaga, na zuƙa har kumatuna suka yi ciwo. Sau uku ina zubarwa a kasko ina mayarwa.

Ya yi hamma, ya sake yin hamma. Na ce, "Yaya kake ji?"

Ya ce, "Sakayau. Kamar ba kaina ba."

Na ce, "Ka ji aikin manya."

Na goge masa baya, na shafa magani. Sailuba ta leƙo daga madafa ta ce ga kunu nan ta dama. Ya ce ta bari tukuna, bari ya fara sauko mata da iri daga rumbu ta sussuka, don gobe da sassafe yake son shuka. Rumbunsa na ƙasa ne, dogo, a kan manyan duwatsu, bakinsa a sama, sai an hau tsani an ɗaga hular ciyawa an sunkuya ciki.

Na ce, "Zauna ka sha kunu. Bari in hau in ɗauko maka."

Ya kalle ni kamar na zage shi, sannan ya fashe da dariya. "Wanzami a rumbuna? Ka taɓa jin an yi?"

Ba a yi, gaskiyarsa. A wajensu rumbu sirrin maigida ne. Mata ba ta leƙawa, aboki ba ya leƙawa, don an ce idon wani in ya ga yawan abin da ya rage, albarka sai ta tashi. Ko yana buɗewa kana wurin, ladabi shi ne ka kau da kai. Sailuba ta koma madafa. Ni kuma na juya masa baya, na tsuguna, na jawo ƙwaryar ruwa na fara wanke ƙahonina.

Na ji ƙarar tsani yana ɗaukar nauyinsa, taki ɗaya, biyu, har sama. Na ji ya ture hular. Na ji shiru, yana sunkuye a ciki yana lalube. Sai ga zangarniyar iri a ɗaure ta faɗo ƙasa, tim. Ya ce, "Sailuba, ga shi nan." Ya ɗago ke nan.

Ban ga faɗuwarsa ba. Shekarun nan duka abin da yake cina ke nan. Taku uku ne tsakanina da gindin tsanin nan. Da ina kallonsa, da na ga lokacin da idonsa ya juya, da ko rigata ce na tara masa. Amma na ba shi baya, ina wanke ƙaho. Ƙara kawai na ji, irin ta buhu in ya faɗo daga kan jaki, da wata ƙaramar ƙara a cikinta. Ƙeyarsa ce ta sami dutsen gindin rumbu.

Sailuba ta fito da ludayi a hannu. Ihun da ta yi, har yau in mace ta ƙwala kira a unguwa sai gabana ya faɗi.

Maƙwabta suka taru muka kai shi ɗaki. Bai mutu a ranar ba. Yana numfashi, wani lokaci ya buɗe ido, ya yi 'yar magana da Sailuba ƙasa-ƙasa, ya koma. Jini kaɗan yana fita ta kunne. Malamai suka yi rubutu aka ɗura masa. Ni ina zaune a bakin ƙofa, kowa ya shigo sai ya ce mini, "Sannu wanzam, Allah ya sa kana kusa." Aka ce jinin ne ya buge shi, ai dama an ce ya yi masa yawa. Babu wanda ya kalle ni da wani ido.

Lahadi da hantsi Sebastian ya iso, ƙafafunsa duk taɓo, daga hanyar Obi ko gida bai biya ba. Ya durƙusa ya naɗa ƙyallensa, ya matsa, ya saurara. Ya sake matsawa. Ya ɗaga fatar ido ya duba, ya shafa ƙeya. Sannan ya ce a taya shi juya shi. Da ya ɗaga rigar sai ya tsaya. Ga su nan a jere, zagaye takwas, jajaye, sababbi. Na ga leɓensa yana motsi, yana ƙirgawa. Ya sauke rigar a hankali ya gyara masa ita. Ya ga kwalbar magani a gefen gado, ya ɗaga ta ya duba a haske. Saura ƙwaya uku, a kwalbar da ya kamata a ce da sauran ta kwana bakwai. Ya sa ta a aljihu. Ya ce wa Sailuba, "Mama, ƙashin kai ya fashe a ciki. Ko an kai shi babban asibiti ba zai kai ba. Ki zauna kusa da shi."

Ya fito, na bi shi zaure. Ba kowa sai mu biyu. Na jira ya zage ni. Wallahi so nake ya zage ni, ya tara mini jama'a, ya kai ni gaban alƙali.

Ya ce, "Baba, ka gaya mashi?"

Na ce, "Ban gaya masa ba."

Ya sunkuyar da kai. Sai na ga hawaye yana bin fuskarsa. Ya ce, "Da na bar mutanen baranda na zo da kaina. Minti goma ne a keke." Ya share fuska da hannun riga. "Matan ya ƙara mashi magani, ko?"

Na ce, "Ta ƙara. Ta gaya mini kafin in taɓa shi."

Ya ce, "Kada Mama ya sani. Shi bai san komai ba, taimako yake yi. In ya sani ba zai iya zama da kanshi ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya tura kekensa ya fita, bai hau ba.

Mahmuda ya cika bayan la'asar. Ni na zuba ruwa liman yana yi masa wanka, don an ce ba wanda ya fi ni kusa. Da aka juya shi na sake ganinsu, takwas. Liman ya ce, "Allah sarki, har ƙarshe yana neman magani." Na kasa riƙe butar, sai da wani ya karɓa.

Da na koma gida na juye ƙahonin nan takwas a tukunyar ubana, na rufe, na liƙe bakin da laka. Suna nan ƙarƙashin gadona. Mutane suka yi ta zuwa, bazara ce, lokacin ƙaho. Ina cewa kumatuna sun gaji. Wanda ya ce jiri yake ji, sai in tambaye shi yaushe yake kama shi, in ce ya tafi wajen mai keke a auna shi. Wasu suka ce Babandi ya zama ɗan mishan.

Irin da ya sauko da shi kuwa, Sailuba tana takaba, sai muka yi gayya da maƙwabta muka shuka mata. Ni da ban iya riƙon fartanya ba, na bi layi ina jefa ƙwaya ina takewa. Damina ta yi kyau. Dawar nan ta yi abin da gonar ba ta taɓa yi ba, duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya kalla.

Bayan an yi girbi, wata ranar Laraba da hantsi, ina zaure ina wasa aska, sai na ji an dire abu a ƙofa. Gabana ya faɗi, don na san wannan ƙarar. Na fito. Sailuba ce, ta rame, tana haki, gammo a hannu. Ga dami a ƙasa, babba, zangarniya jajir, ko ɗaya tsuntsu bai taɓa ba. Tun daga bakin gari ta ɗauko shi a ka.

Na ce, "Haba, uwargida. Wannan fa?"

Ta tsuguna daga gefe yadda ta saba. Ta ce, "Naka ne, wanzam. Ranar da zai rasu da safe ya farfaɗo, ya ce mini in Allah ya kawo kaka kada a manta da daminka, a zaɓi mai kyau. Ya ce ka yi masa abin da ba ka taɓa yi wa kowa ba, har da ƙahonin mahaifinka ka ɗauko saboda shi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni da kai mun yi iyakar ƙoƙarinmu, kwana ne ya ƙare. Da ba don hannunka ba, da tuni jinin nan ya kashe shi. Allah ya saka maka da alheri."

Na buɗe baki. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, wadda na riƙe tun ranar Litinin ɗin nan. In na faɗa, na sauke kayana. Amma in na ce jininsa sauka ya yi ba hawa ba, tambayar da za ta biyo baya na san ta, kuma amsarta tana cikin kwalbar da Sebastian ya sa a aljihu. Na dubi matar nan, ba miji, ba ɗa, abin da ya rage mata kawai shi ne ta yi iyakar ƙoƙarinta.

Na sunkuya na ɗauki damin da hannu biyu. Na ce, "Amin. Na gode."

Shekara goma sha ɗaya ta yi bayansa. Ko wace kaka sai ta kawo, da kanta, kuma ko wace kaka sai na ce na gode.